Fom ɗin ofishin kargo ya cushe: ina kowane gurbi zai zauna?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ofishin kargo na kawuna a Misfala, nan Makka. Muna karɓar kayan alhazai da masu Umra muna tura su Kano da Yamai. Da a littafi muke rubutawa, muka koma Excel, yanzu kuma na haɗa rumbun bayanai a Microsoft Access. Jadawali ɗaya na yi mai gurbi wajen 60, na bar manhajar ta fitar min da fom da kanta. Fom ɗin ya fi allo tsawo, yaranmu sun ce littafin ya fi musu sauri, in na danna Tab sai ya yi tsalle daga suna zuwa kuɗi, in na buga rasit kuma sai farar takarda ta biyo kowane shafi. Jiya ma sunan wata hajiya ya ɓace, sunan wani ya hau kan kayanta. Yaya ake tsara fom, ina kuma ya kamata kowane gurbi ya zauna? Ko in koma FileMaker ne, tunda wani ya ce min ya fi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'ar, ya saka maka da ƙoƙarin da kake yi wa Kawu. In na fahimce ka da kyau, so kake ka sami fom ɗin da yaro zai cika yana tsaye a bakin sikeli, alhazai na layi suna jiransa, ba tare da ya saki maɓallai ya tafi laluben linzami ba, rasit kuma ya fito shafi ɗaya tsaf. Access zai yi maka wannan, ba sai ka sayi wata manhaja ba. Sai dai gyaran ba daga fom ɗin zai fara ba.

Kwamfutocin ofisoshin nan wasu Access ɗinsu da Larabci yake, wasu da Turanci, don haka zan fi faɗin aikin da abu yake yi maimakon sunan da ke jikinsa. Maɓallai biyu za ka riƙe. In ka buɗe fom a yanayin zane, F4 yana fito da takardar siffofin duk abin da ka taɓa, Alt da F8 kuma suna fito da jerin gurabun jadawalin, wato ginshiƙansa irin na suna ko nauyi, don ka jawo wanda kake so. Kuma akwatin da kake gani a kan fom ba shi ne gurbin ba, nuna shi kawai yake yi. In ka goge akwatin, bayanin yana nan a jadawali ba abin da ya same shi. Saboda haka ka motsa, ka goge, ka sake jerawa ba tare da fargaba ba.

Daga jadawali matsalar ta faro

Ban ga fayil ɗinka ba, amma gurbi 60 a ofishin kargo kusan kullum abu ɗaya yake nufi: akwai Kaya1, Nauyi1, Kuɗi1, sai Kaya2, Nauyi2, Kuɗi2, har zuwa goma ko fiye. Dabi'ar Excel ce ta biyo ka. Access zai bar ka ka kai har gurbi 255 a jadawali ɗaya, bai hana ba, amma fom ɗin da zai fito daga irin wannan jadawali kamar jakar alhaji ce ranar komawa gida, an cusa mata komai har zif ya ƙi rufuwa. Mai kwali ɗaya zai bar maka sahu tara na akwatuna fayau, ɗan kasuwar da ya zo da ƙulli 14 na abaya da darduma kuma ba shi da wurin shiga. Ranar da Kawu ya tambaye ka kilo nawa aka tura Yamai a watan nan, sai ka haɗa gurbi goma kafin ka ba shi amsa.

Raba shi gida uku. Na farko na mutane: suna, waya, fasfo. Na biyu na turawa, wato duk abin da ya shafi rasit ɗaya: wa ya kawo, ranar da ya kawo, garin da za a kai, wa zai karɓa, kuɗin kilo a ranar. Na uku na ƙullin kaya, kowace jaka ko kwali da layinta: iri, nauyi, da lambar rasit ɗin da take ƙarƙashinsa. In kuna karɓar rabin kuɗi a nan a cika saura a Kano, ƙara na huɗu na biyan kuɗi. Da zarar ka yi haka, babban fom ba zai wuce akwati 12 zuwa 15 ba, kayan kuma su shiga ƙaramin fom a cikinsa, wanda ke ƙara layi duk lokacin da aka ɗora wata jaka a sikeli. Access yana ɗaure biyun da lambar rasit, in ka riga ka ƙulla alaƙar jadawalan ma shi da kansa zai gane.

Kuɗin kilo da na ce ya zauna a jadawalin turawa, kada ka raina shi. In ka ajiye farashi a wuri ɗaya tal kana lissafi da shi, ranar da aka ƙara kuɗi duk tsofaffin rasit za su canza, wanda ya biya bara ya koma mai bashi. Haka adadin haraji. A ƙasar nan harajin ƙarin daraja ya fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma 15 a Yulin 2020, kuma duk wanda ya rubuta 5 a cikin lissafin fom ya sha aiki a lokacin. Jimilla kuwa ba ta buƙatar gurbi, fom ya riƙa lissafa ta daga nauyi da farashi.

Ka tsaya a bakin sikeli kafin ka taɓa linzami

Fom ɗin da Access ya fitar da kansa yana jera akwatuna ne yadda gurabu suke a jadawali, shi kuwa jadawali ka jera shi yadda abubuwa suka faɗo maka a rai ranar da kake gina shi. Ba ruwan wannan jeri da yadda aiki yake tafiya. Abin da nake yi in an kira ni wani ofishi shi ne in tsaya gefe da biro in kalli mutum biyar ko shida ana sallamarsu. Hajiya ta shigo da jaka uku da bargo da kwalin dabino. Yaron bai fara da tambayar adireshinta ba. Cewa ya yi, "Hajiya ina za a kai?" don garin ne ke yanke farashi. Sai ya karɓi lambar waya, sai fasfo, sai a fara ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya yana rubuta nauyi, sai ta tambayi nawa ya kama, a yi ɗan ciniki, can a ƙarshe ta tuna cewa ɗanta ne zai karɓa ta shiga neman lambarsa a waya. Yadda wannan ya gudana a ofishinku, haka akwatunan za su sauko daga sama zuwa ƙasa. Littafin da yaranku ke yabo ya fi sauri ne don shekaru sun riga sun daidaita shi da bakinsu, don haka ka buɗe shi a gabanka ka kwaikwayi jerinsa.

A tsarina, kan fom yana ɗauke da lambar rasit da kwanan wata, su biyun suna cika kansu. Ƙarƙashinsu rukunin mai kaya, gefensa rukunin mai karɓa, kowanne a cikin ɗan zagaye da takensa. Tsakiya, inda ya fi faɗi, na ƙaramin fom ɗin kaya ne, a ga layi shida ko bakwai ba sai an gangara ba. Ƙasa kuma jimillar kilo, jimillar kuɗi, abin da aka biya da abin da ya rage, da manyan lambobi yadda mai kaya ma zai hango in an juya masa allon. Abin da ba kullum ake cikawa ba, irin sunan otal, lambar iƙama ga mazauna, ko ƙarin bayani, ya koma shafi na biyu a cikin fom ɗin. Amma kada ka ɓoye gurbin dole a can, don yaro zai ga saƙon kuskure bai san inda ake nufi ba.

Girman akwati ya faɗi abin da ake so a zuba masa. Nauyi lamba uku ce da ɗigo, santimita biyu sun ishe shi. Suna yana son bakwai ko takwas. In komai tsawonsa ɗaya, ido ba ya samun abin kamawa. Ka daidaita gefen akwatunan a layi ɗaya da umarnin jerawa da ke cikin manhajar, kada ka dogara da hannu. Lambobin kuɗi da nauyi su jingina dama don ɗigo ya hau kan ɗigo. Launi kuwa biyu sun isa: fari ga inda ake rubutu, toka-toka ga abin da fom ke lissafawa. Na sha ganin fom mai kore da ruwan ɗorawa da hoton Ka'aba a bayan rubutu. Niyyar mai kyau ce, amma wanda zai wuni yana kallonsa idonsa ne zai biya.

Ka yi zanen a kan allon da ya fi ƙanƙanta a ofis. In akwai tsohuwar laftof mai 1366 da 768, ita ce ma'auni, kuma a ƙa'idata ba na wuce faɗin santimita 28 da tsawon 14 a irinta. Fom ɗin da aka zana a babban allo, in ya sauko ƙarami, maɓallin bugawa ne ke fara nutsewa.

Tsallen Tab kuma sababinsa ɗaya ne: Access yana bin jerin da aka ɗora akwatunan tun farko, ko da ka motsa su daga baya. A yanayin zane akwai taga ta jerin Tab, inda za ka ja sunaye sama da ƙasa, ko ka danna maɓallin da ke jera su da kansa. Duk akwatin da ba a rubutu a ciki, irin jimilla da lambar rasit, ka kashe masa tsayawar Tab a takardar siffofi. Sannan ka gwada: ka tura linzami gefe ka cika rasit guda da maɓallai zalla. Duk inda hannunka ya so komawa ga linzami, akwai gyara a wurin.

Irin gurbi, da zancen Larabci da boko

Ba duk abin da aka rubuta da lambobi ne lamba ba. Wayar Saudiyya tana farawa da 05, ta Najeriya ma da sifili take farawa, kuma gurbin lamba zai cinye sifilin. Lambar iƙama ta fi ban haushi: lamba 10 ce mai farawa da 2, shi kuwa gurbin lambar da Access ke bayarwa da farko iyakarsa 2,147,483,647, don haka iƙamar da ta fara da 22 ko 23 ko 24 za ta ƙi shiga. Lambar fasfo kuma akwai harafi a cikinta. Dukkansu gajeren rubutu ne. Abin da za a tara ko a ninka shi kaɗai ne lamba, kuɗi kuma a ba shi gurbin kuɗi don halala, wato ɗan canjin riyal, kada ta riƙa zamewa wajen lissafi.

Waya gurbi biyu za ka yi mata, kuma ta gida ita ce ta dole. Layin da alhaji ya saya a nan ba zai amfane ka ba ranar da kaya suka sauka Kano shi kuma yana Gusau. Ka rubuta da lambar ƙasa, 234 ko 227, kada kuma ka ɗaure gurbin da ƙayyadadden tsawo, tunda lambar Nijar 8 ce, ta Najeriya ta fi haka. Waya ita ce mafi saurin hanyar nemo mutum, amma kada ta zama mabuɗin jadawali, wato gurbin da ke bambanta kowane layi da sauran, don sau da yawa shugaban tawaga ɗaya ne ke ba da lambarsa a madadin mutum ashirin. Mabuɗi ya zama lambar da Access ke ƙirgawa da kansa. Ita ma tana tsallake lamba in an fara rekod, wato layin bayani a jadawali, aka fasa, saboda haka in Kawu yana son lambar rasit mai bin juna ba giɓi, sai a yi mata gurbi daban.

Suna kuma gurbi biyu: ɗaya da boko daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, ɗaya da Larabci in ana buƙatarsa. Kada a gauraya su a akwati guda, don rubutun zai riƙa juyawa, lamba ta koma inda ba a sa ta ba. Kowane akwati yana da siffar alkiblar karatu da ta harshen maɓallai. In ka saita na Larabcin, da an shiga akwatin maɓallan za su juya da kansu. Access yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, amma Ɗanjuma da Danjuma ba ɗaya ba ne a wurinsa in ana nema, haka Ahmad mai hamza a kan alifi da marar ita. Shi ya sa na ce a bi fasfo. Lakabin akwati kuma, in yaranku wasu Larabci suka fi karantawa wasu boko, ka ɗora shi a saman akwatin da harshe biyu, ka huta da gardamar hagu da dama.

A rasit da lambar jikin kaya ka tilasta lambobin boko ta siffar zanen lamba. Biyar ta Larabci, ٥, wakilinku na Kano zai iya karanta ta sifili, sifilin kuma ya ɗauke shi ɗigo. Kwanan wata ka ajiye na Miladiyya shi kaɗai, ka nuna shi da sunan wata, don 03/04 yana iya zama Maris ko Afrilu gwargwadon saitin Windows. Access yana da zaɓin kalandar Hijira, amma lissafinsa yakan saɓa wa kalandar Ummul Ƙura, wadda Saudiyya ke bi, da kwana guda, kuma kunna shi bayan bayanai sun taru rikici ne. Gari da irin kaya su zama akwatin zaɓi wanda ba ya karɓar abin da ba ya cikin jeri, in ba haka ba za ka tarar da Kano, KN da Kanoo a matsayin garuruwa uku.

Sunan Hajiya da ya ɓace

Wannan ya fi duk sauran haɗari, kuma ba laifin yaron ba ne. Fom ɗinka yana buɗewa a kan rekod na farko. Yaro ya ga suna a akwati, ya goge ya rubuta na sabon mutum, ko kuma yana son ya nemo wani ne ya rubuta sunan a nan. Access ba ya tambaya kafin ya adana. Da ka bar rekod, ya rubuta. Tab ma in ya kai akwatin ƙarshe, rekod na gaba yake faɗawa.

Maganin shi ne kada fom ɗaya ya yi aiki uku. Na karɓar kaya ka kunna masa siffar shigar da bayani zalla, yadda kullum zai buɗe fayau ba ya nuna tsofaffi, ka kuma saita zagayen Tab ya tsaya a rekod ɗin da ake kai. Nema ya sami nasa fom, da akwati ɗaya a sama wanda ba a ɗaure shi da kowane gurbi ba, da jerin sakamako a ƙasa. In an danna sakamako, rasit ya buɗe a kulle, sai mai izini ya danna maɓallin gyara. Dalilin raba su shi ne, in ka hana gyara a fom, akwatin neman da ke kansa ma kullewa yake yi. Sunan Hajiya kuwa sai dai ka dawo da shi daga kwafin rasit ɗinta ko daga ajiyar fayil ta kafin abin ya faru, in kana yi. In ba ka yi, daga yau kowane dare a kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri.

Rasit

Kada ka buga fom. Rahoto ake bugawa. Farar takardar da ke biyo kowane shafi alama ce cewa faɗin rahoton da gefuna biyu sun haura faɗin takarda. A4 santimita 21 ce. In ka bar ɗaya-ɗaya a gefe, rahoto kada ya wuce 19. Sau da yawa wani siririn layi ne ya leƙa dama ya ja faɗin, sai ka matso da shi sannan gefen zai yarda ya dawo. Ka duba kuma ko saitin takarda yana kan girman Amurka maimakon A4. Akwatin suna da na bayanin kaya ka ba su damar ƙaruwa don dogon suna kada ya yanke. Jimilla ta zauna a ƙarshen rahoto ko na rukuni, don in ka sa ta a gindin shafi kuskure za ta nuna. Lambar da ake mannawa a jikin jaka rahoto ne daban: gari da manyan baƙaƙe, lambar rasit, wayar mai karɓa, da "2 cikin 5" don a san ko ƙulli ya yi ɓatan kai.

Nan kuma iyakata take. Tun 4 ga Disamba 2021 ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, ta wajabta fatura ta lantarki ga masu rajistar haraji, mataki na biyu na haɗa manhaja da dandalinta na Fatoora kuma ya fara 1 ga Janairu 2023, rukuni-rukuni. Abin da ka zana a Access takardar shaidar karɓar kaya ce, kada ka ɗauke ta faturar haraji. Ni ba akanta ba ne. Me ake ɗora wa haraji a aikin kargo da wace manhaja za ku fitar da fatura, wannan ku zauna da akantanku. Haka hoton fasfo: ban da cewa zai cika maka fayil, wanda iyakarsa gigabait 2 ce, ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023. Abin da ba ku buƙata kada ku tara.

FileMaker manhaja ce mai kyau ta kamfanin Claris, wanda mallakar Apple ne. Tana aiki a Mac da Windows, kuma ta FileMaker Go ana iya riƙe iPad a bakin sikeli, abin da Access ba zai ba ka ba tunda Windows kaɗai ya sani. Hannuna bai faɗa a cikinta kamar Access ba, amma na san jadawali mai gurbi 60 zai cushe a can kamar yadda ya cushe a nan, ga kuɗin lasisi. Ban ga dalilin ƙaura ba a yanzu. In kwamfuta biyu ko uku za su yi aiki tare, ka raba fayil ɗin: jadawalai a wuri ɗaya, kowa da kwafin fom nasa, a haɗa su da kebul, don yankewar Wi-Fi tana lalata fayil ɗin Access. Wakilin Kano kuma a tura masa jerin kaya a PDF.

Kada ka taɓa wannan aiki a goman ƙarshe na Ramadan ko kwanakin da alhazai ke haramar komawa. Ka yi shi a kan kwafi. Ka fara kwashe mutane, sannan turawa, sannan ka yi kuwerin ƙarawa, wato umarnin da ke kwafo bayanai zuwa sabon jadawali, sau ɗaya ga Kaya1 da Nauyi1, ka maimaita ga Kaya2, har ƙarshe, kana tsallake waɗanda ba komai a ciki. In ka gama, tara jimillar kilo a tsohon jadawali ka tara a sabon. In sun zo daidai, ka zaɓi rasit goma daga littafi ka duba su ɗaya-ɗaya, sannan ka miƙa wa yaran sabon fom.